Jan Kaset ɗin Kawu

Ranar Laraba, tsakanin Magariba da Isha, a rana ta biyu ta zaman makokin Kawu, muna ɗakin mata a gidansa da ke unguwar Ƙuba a Madina. Iya, matar marigayin, tana zaune a kan darduma ta jingina da bango. Umma, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, tana gefenta. Jikarsa ta fari, wadda aka sa ranar aurenta kafin ya kwanta ciwo, tana zagayawa da gahawa da dabino. Sai ni, da maƙwabtan da suka cika sauran wurin. Maza suna waje, a kan kujerun da aka jera a bakin titi.

An yi masa salla a Masallacin Harami, an kai shi maƙabartar Baƙi'a, kuma duk wadda ta shigo da wannan take farawa: ya dace, Allah ya ba mu irin makwancinsa. Amma da zarar ta gama addu'a ta zauna, sai ta rage murya ta ƙara wani abu. Wata tsohuwa 'yar Cadi ta ce da kaset ɗinsa aka yi wunin bikinta, kuma har yau ƙafarta ta hagu ba ta manta ba. Wata ta ce ranar nata bikin sai da 'yan kunnenta suka faɗi. Wata yarinya haihuwar nan, wadda take jin Hausa amma da Larabci take amsawa, ta zaro ido ta tambayi uwarta ko tsohon nan mai farar jallabiya da take gani a sahun gaba a masallacin Ƙuba ake nufi. Aka ce mata shi ɗin ne.

Muna cikin haka muka ji ana jan wani abu a soro. Babban Yaya ne, ɗan Kawu na fari, yana fito da kwalayen dabino guda uku daga ɗakin ajiya. Kowa a gidan ya san ba dabino ba ne a ciki.

Iya ta ɗaga murya ta ce, "Me kake ja?"

Ya tsaya a bakin labule ya ce, "Khalas, ya Ummi. Gobe motar baladiyya, ta hukumar gari, za ta zo kwasar shara, su tafi da su. Mutumin da yake kwance a Baƙi'a, mu bar masa kayan kiɗa a gida? Wallahi tsoro nake ji masa."

Ba don raini ya faɗa ba, duk mun ji haka.

Sai wata murya ta taso daga bayansa, muryar tsoho mai kaushi. Baban Jirgi ne, aminin Kawu tun suna samari, wanda ɗansa ya auri 'yar Kawu, wato shi ma kakan amaryar ne. Ya ce, "Yaro, kafin ka zubar, buɗe kwalin tsakiya. Akwai jan kaset a ciki, ba wurinsa ba ne. Kiɗan pank ne, ubanka ya saka shi cikin na pop don ya ga ba ni nan. Kada a zubar da shi da sunan da ba nasa ba."

Matan ɗakin suka cusa fuskoki cikin mayafi. Umma kuka take, amma kafaɗunta sun tona mata asiri. Iya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka mayar da su inda ka ɗauko. Ba wanda zai taɓa min su." Babban Yaya ya ce zai bari sai an tashi daga makoki, daga nan kuma ba zai ƙara jira ba. A kan haka aka tsaya, kwalayen suka kwana a soro.

Domin a gane abin da ke cikin kwalayen nan, sai an koma Bur Sudan, birnin tashar jiragen ruwa na Sudan, inda Kawu ya yi ƙuruciyarsa. Akwai hotonsa ɗaya na lokacin: suma ta tashi kamar kwando, wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, takalmi mai tudu. Shi ne mai sa faifai a wani gidan shaƙatawa na ma'aikatan jiragen ruwa. A can ya haɗu da Baban Jirgi, wanda aikinsa shafa wa injin jirgi mai. Kawu bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Kyaftin. Shi kuma yana ce masa Ɗan Disko, har ranar da ya tsaya a bakin kabarinsa.

Da Kawu ya zo Madina ya aske sumar, ya buɗe ɗan shago a Ƙuba yana gyaran rediyo da musajjal, wato rakodar kaset. Idan ya gama gyara, kaset ɗin disko yake sakawa, ya rage sauti ƙasa-ƙasa, ya kara kunne. Ya ce min, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "bugun disko ba ya gaba, ba ya baya. Dum, dum, dum, dum, kamar zuciyar mai lafiya. In bel ɗin inji ya saki, disko ne zai fara gaya miki."

Amma abin da aka san shi da shi a gidajen Hausawan Madina shi ne kaset ɗin biki. A nan mata su kaɗai suke wuninsu, a istiraha, gidan hutun da ake haya, ƙofa a rufe, ba namijin da ke leƙawa. Don haka Kawu ya yi rayuwarsa yana haɗa kiɗan rawar da bai taɓa gani da idonsa ba. Zai zauna da musajjal biyu, ya jera waƙoƙin bi da bi: ta sanyi a farko lokacin da ake gaisawa, sai ta Sudan don tsofaffi su saki jiki, sannan ya sako disko lokacin da ya ƙiyasta an gama cin abinci. Iya ce take shiga da injin a jaka. Shi kuma ya ajiye motarsa a inuwar dabino a waje, ya jira.

Da ta fito ta shiga mota, ba ya tayar da injin sai ya gyara murya irin ta masu labarun rediyo ya ce, "To, jama'a, bari mu ji daga bakin wakiliyarmu da ke fagen rawa. Hajiya, sun tashi?"

"Sun tashi, Maigida."

"Duka?"

"Har da uwar ango."

Sai ya daki sitiyari ya ce, "Allahu Akbar! A wace waƙa? Gaya min a hankali, kada ki tsallake komai."

Iya kuwa ta iya ba da labari. Za ta gaya masa wadda ta fara miƙewa, da wadda ta ɗaure gyale a ƙugu, da wadda ta ce ita ba ta rawa amma aka ga yatsun ƙafarta suna motsi a ƙarƙashin kujera. Mu yara muna kujerar baya muna ji. Sau da yawa labarin yakan fi tafiyar tsawo, sai ya zaga ta unguwar Azizya don kada a iso gida bai ƙare ba.

Daga waɗannan rahotannin ya fitar da ƙa'idarsa ta kwalaye uku. Kiɗan da mata suka tashi tare suka bi bugu ɗaya, disko ne. Wanda suka zauna suna bin baitinsa da baki, pop ne. Wanda ya sa aka toshe kunne ko yara suka hau tsalle ba tsari, pank ne. Kwalin pank kusan fanko yake, kuma duk abin da ke ciki Baban Jirgi ne ya kawo.

Shi Baban Jirgi jirginsu ya kai shi tasoshin ƙasar Ingila a shekarun da abin ke tashe, ya ga 'yan pank da idonsa, kuma bai bar kowa ya manta ba. Yakan ce, "Gashi a tsaye kamar zankon zakara, an rina shi kore! Fil ɗin ɗaure zani a kunci! Riga a yage da gangan! Ɗan Disko, waɗannan su suka binne ku." Shi ya kawo labarin cewa a Amurka an tara faya-fayan disko a filin wasa an hallaka su jama'a suna ihu. Kawu ya ajiye sukundireba, ya ce, "Wawaye. Da sun aiko min."

Jan kaset ɗin ma daga jirgi ya zo. Ba rubutu a jikinsa, ba wanda ya san masu waƙar. Muryar mace ce mai kaifi, da garayar Turawa mai ƙara kamar ana yaga kwano, amma a ƙarƙashi akwai bugu madaidaici. A kan wannan bugun suka raba gari.

Baban Jirgi ya ce, "Saurari yadda take tsawa. Wannan fushi ne. Pank ne, kuma ko a cikinsa kana jin yadda suka taka ku."

Kawu ya ce, "Kyaftin, kai saman kake ji, don a ƙasan jirgi ka ƙare kunnenka. Saurari ƙasa. Dum, dum, dum, dum. Wa ya haifi wannan? Waƙar kasuwa ce ta ari yagaggen wando. Pop ne, kuma zuciyar disko ce take bugawa a ciki. Disko bai mutu ba, suna ya canza, ya shiga gidan maƙwabta ya zauna."

"Gawa ce, ka yi mata salla ka huta."

"In gawa ce, me ya sa ƙafarka take motsi?"

"Sanyin ƙashi ne!"

Kowace Alhamis bayan La'asar Baban Jirgi zai zo daga Azizya, ya yi sallama, ya wuce ɗakin ajiya, ya cire jan kaset daga kwalin pop ya jefa a na pank, sannan ya zo ya zauna shan shayi. Da ya tafi Kawu zai mayar. Sau ɗaya abin ya zama faɗa na gaske. A gaban baƙi Baban Jirgi ya ce wanda ya riƙe kiɗan da ya mutu shi ma ya kusa binsa. Kawu ya ɗauke kai, suka daina magana, a daidai lokacin da ake shirin auren 'ya'yansu. Mata suka yi ta kai da kawowa a banza. Ran nan sai ga Baban Jirgi ya shigo ba sallamar kirki, ya wuce ɗakin ajiya, muka ji ƙarar kaset ya faɗa kwali, ya fito ya zauna. Kawu ya dube shi ya ce, "Hajiya, kawo wa Kyaftin shayi, ki rage sukari, bakinsa ya riga ya lalace." Shi ke nan sulhun.

Sun taɓa yarda su kai ƙara fagen rawa. Aka ba Iya jan kaset ta shiga da shi wani wuni, su biyu suka jira a mota. Ta fito ta ce, "Wasu sun tashi, wasu sun zauna." Kowannensu ya ce shi ya ci.

Ba kiɗa kaɗai ya sani ba. Na taɓa tarar da wata tsohuwa a shagonsa tana kuka. Ɗanta ya aiko mata da gaisuwa a kaset daga gida kafin ya rasu, inji ya tauna zaren. Kawu ya rufe shago, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya warware zaren a hankali da tsinken sakace, ya goge lanƙwasar da bayan cokali, ya haɗa inda ya tsinke da ɗigon jan farce. Da muryar ɗan ta fito, sai ya fita waje ya tsaya a rana, ya bar ta ita kaɗai da ita.

Yanzu sai in faɗi abin da duk matan Hausawan Madina suka sani, maza kuma ba su sani ba. Disko ya daɗe da mutuwa a ɗakin mata. A hankali abin ya zo. Da farko 'yammata suka fara cewa a sa na Larabawa. Daga baya aka fara ɗauko mata masu kiɗan haya da manyan lasifikoki. Daga ƙarshe kowace yarinya da wayarta, a jona kawai. Iya takan shigo da jakarta, a gaishe ta da girmamawa, a ba ta kujera mai kyau, jakar kuma ta wuni a ƙarƙashin kujerar. Kafin ta fita, sai ta shiga banɗaki, ta zura biro a ramin kaset ta yi ta juyawa har zaren ya koma ɗaya gefen, kamar an kunna shi har ƙarshe. Sannan ta fita wurin mota.

"Hajiya, sun tashi?"

"Sun tashi, Maigida."

Kuma ta ba shi labari cikakke, da sunaye da komai. Ba macen da ta taɓa tona ta. Wasu ma in sun gamu da shi a hanya sukan ce, "Baba, kaset ɗin jiya ya kashe mu." Jan kaset ɗin ma, ranar da aka kai shi shari'a, bai fita daga jaka ba.

A makonsa na ƙarshe na je duba shi a asibiti da rana, Iya ta tafi salla. Ya rame, amma idonsa na nan da wasansa. Ya ce in matso.

"Uwata, kin san bambancin kaset ɗin da inji ya naɗe da wanda aka naɗe da biro?"

Na ce ban sani ba.

"Na inji yana kwantawa sumul, kamar an guga. Na biro yana hawa da sauka, ga sako-sako." Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Tun ran farko na gani."

Na ce, "Kawu, to me ya sa ka ci gaba da haɗawa?"

"In na daina, wa zai ba ni labari? Ke kin taɓa jin wakiliya irin wannan a rediyo? Matar nan ta sa uwar ango rawa a bikin da uwar ango take kwance a gida da zazzaɓi!" Ya share ido. "Kada ki gaya mata ina raye, za ta ji kunya. In na tafi ki gaya mata, don kada ta zauna tana neman gafarar ƙarya. Ki ce na yafe, kuma na ji daɗi. Abu ɗaya ne ya tsaya min: jan nan, har yau ba a yi masa shari'ar gaskiya ba."

A rana ta uku ta makoki, da rana, da mutane suka ragu, na zauna kusa da Iya na gaya mata. Ta dube ni kamar ba ta gane Hausa ba. Sai ta ce, "Tun ran farko?" Na ce haka ya ce. Ta ce, "Ashe tsohon nan zaune yake yana kallona ina zuba? Har yana tambayata launin gyalen mutane?" Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba a yi a gidan makoki, ta toshe baki, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa. Umma ta riƙe ta. Da ta natsu ta ce a kira mata Babban Yaya.

Ya zo ya durƙusa. Ta ce, "Na ji tsoronka, kuma ban ce ba ka da gaskiya ba. Ka yi ta yi masa addu'a, ka yi masa sadaka. Amma ina da rahoto ɗaya da ban ba ubanka ba. Ka bar min kwalayen nan har in fita takaba a yi wunin yarinyar nan. Zan kunna jan kaset sau ɗaya, in ga abin da zai faru da idona. Washegari naka ne, ka yi yadda ka ga dama."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Sau ɗaya, ya Ummi."

"Sau ɗaya."

An ɗaga bikin har ta fita takaba. Ana gobe wuni aka ɗauko tsohon musajjal, aka danna, ya yi gurnani ya tsaya. Bel ya narke. Aka rasa mai gyara, domin masu irin wannan aikin sun ƙare a unguwar. Babban Yaya yana zaune yana duba wayarsa kamar ba ya ji. Can sai ya miƙe, ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da gwangwanin kayan aikin Kawu. Ashe zaman da ya yi a shago yana yaro bai tafi a banza ba. Ya kwance injin, ya sa sabon bel, ya rufe. Sai ya tsaya yana dube-dube. Amarya ta ce wa kawun nata, "Ya khali, me kake nema?" Ya ce da Larabci, a hankali, ba a gane bel ya zauna sai an gwada. Ya sa hannu a kwalin disko. Ya rage sauti ƙasa-ƙasa, ya kara kunne, kuma na rantse kansa ya karkata daidai yadda na Kawu yake karkata.

An yi wunin a wata istiraha a cikin tsofaffin gonakin dabino na Ƙuba, bayan La'asar. Baban Jirgi ya sa aka kawo shi, ya zauna a motar Babban Yaya a inuwar da Kawu ya saba tsayawa. Kafin amarya ta shiga ya kira ta ya ce, "Matata, yau za ki bar ni ki bi yaro? To ki yi min adalci ɗaya, in aka sa kiɗan nan ki toshe kunne." Ta ce wa kakan nata, "Jaddi, ai kai ma ka tsufa da yawa, shi ya sa na canza. Kuma ɗaya mijin nawa, marigayi, ya riga ka, tun a asibiti ya ce in tashi in taka."

Da aka gama cin abinci Iya ta je wurin mai kiɗan haya ta yi mata magana. Aka kashe lasifika. Ta ɗora musajjal a kan kujera, aka kara masa makirufo, ta danna da babban yatsa.

Da farko sai shuuu na tsohon zare. Wata yarinya ta tambaya ko injin ya lalace. Sai ƙarar nan ta fashe, muryar matar ta biyo. Ba wadda ta motsa. Dangin ango, waɗanda ba su san komai game da maganar ba, suka dubi juna. Wata a cikinsu ta sa yatsu a kunne. Na dubi Iya, na ga ta tsaya ƙyam, hannunta a kan injin, tana kallon ɗakin kujera bayan kujera kamar mai ƙirga kaya.

Sai bugun ya shigo daga ƙasa. Dum, dum, dum, dum.

Umma ce ta fara. Umma, da gwiwar da ba ta iya hawa matakala da ita! Ta miƙe, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ɗaga yatsa ɗaya sama ta sauke, irin rawar da ban taɓa sanin ta iya ba. Tsohuwar nan 'yar Cadi ta yi guɗa ta bi ta, ƙafar hagu a gaba. Sai sa'o'insu suka taso ɗaya bayan ɗaya, suna kiran juna da sunayen ƙuruciya. 'Yammata suka fara da dariya suna nuna iyayensu, daga nan suka cire takalma suka hau tsalle, ba tsari, gashi yana watsuwa. Amarya ta tattare rigarta ta sauko daga kujerarta ta kama hannun Iya. Iya ba ta yi rawa ba. Ta tsaya a tsakiya tana juyawa a hankali, tana kallon kowa, leɓunanta suna motsi. Ta riga ta fara haɗa rahoto.

Da waƙar ta ƙare ta kashe injin, ta sa a jaka, ta yafa mayafi ta fita. Na bi ta. Ta shiga kujerar gaba. Babban Yaya ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Can Baban Jirgi ya gyara murya daga baya, ya ce, "To, jama'a... wakiliyarmu. Hajiya, sun tashi?"

"Sun tashi."

"Duka?"

Ta ce, "Ba duka ba." Tunda nake ban taɓa jin ta faɗi haka ba. "Tsofaffi sun tashi sun bi bugu. Yara sun yi tsalle kamar awaki. Dangin ango ba su motsa ba, ɗaya ma ta toshe kunne har aka gama."

"Ta toshe kunne? Da hannu biyu?"

"Da hannu biyu."

Baban Jirgi ya daki bayan kujera ya ce, "Pank ne! Ɗan Disko, ka ji? Pank ne!" Sai ya juya fuskarsa wajen taga.

Iya ta ce, "Ai ban gama ba. Ba ku tambaye ni wadda ta fara tashi ba." Babban Yaya ya tayar da mota, ya ce, "Wace ce, ya Ummi? Gaya mana a hankali." Ya bi ta Azizya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa shi da maƙwabtan kirkin da aka kwantar da shi a cikinsu.

Washegarin wunin Babban Yaya ya zo ya ɗauki kwalayen uku kamar yadda aka yi alkawari. Bai kai su shara ba, suna ɗakin ajiyar gidansa da ke unguwar Al-Sih. Baban Jirgi ya sa aka kai shi can ranar Alhamis, ya jefa jan kaset a kwalin pank, ya sha shayi ya tafi. Alhamis ɗin da ta biyo baya, a kwalin pop ya same shi.